Wa Za a Damƙa wa Fansho da Haraji?

Wasiƙun wannan wata kusan duka a kan abu ɗaya suka zo, wato maganar gyaran fansho da haraji da wanda zai ja ragamar aikin. Na ɗauki uku daga ciki. Ta farko ta fi cin wuri, domin amsarta ta shafi sauran.

TAMBAYA: Assalamu alaikum, Malam. Ni tsohon malamin makaranta ne, na yi ritaya, ina zaune a unguwar Birni. A majalisarmu ta bayan la'asar gardama ta ƙi ƙarewa. Kullum ana cewa tsarin fansho da na haraji suna bukatar gyara, to wane irin mutum ya kamata a ɗora a kan wannan aiki? Wani ya ce sai wanda ya yi aiki a Bankin Duniya. Wani ya ce a samo mai zafin hannu wanda kowa zai ji tsoronsa. Wani ya ce babban ɗan kasuwa, tunda shi ya san kuɗi. Ƙanena kuwa cewa ya yi a dai ba ɗan Damagaram, ko wane ne. Kai da ka yi rayuwarka cikin lissafin kuɗin hukuma, me ka gani?
Malam Isuhu, Birni, Damagaram

AMSA: Wa alaikumus salam, Malam. Allah ya ƙara lafiya da nisan kwana. A gaida min mutanen majalisa.

Ni wanda nake nema shi ne mutumin da zai iya duban wanda ya naɗa shi ya ce, "Ranka ya daɗe, wannan kuɗi ba ya taɓuwa," sa'an nan ya fito ya karanta wa jama'a lissafi kafin ya ƙara wa kowa ko dala ɗaya. Digiri da zafin hannu da garin haihuwa duk suna bayan wannan.

Manyan asusun fansho biyu ne a ƙasar nan tamu ta Nijar. Akwai CNSS, wadda aka kafa a 1965, ita ke kula da ma'aikatan kamfanoni da masu aiki a hannun ƴan kasuwa. Akwai kuma CARENI, taku ta ma'aikatan gwamnati. A CNSS, idan albashin mutum jaka 100 ne a wata, ana cire masa kashi 5.25 cikin ɗari saboda fansho, wato jaka 5 da dala 50 (sefa 5,250). Maigidansa kuma ya ɗora kashi 6.25, jaka 6 da dala 50. Jaka 11 da rabi ke nan duk wata. Mutane da yawa sun ɗauka ana tara wannan kuɗi ne a wani akwati mai sunansu har ranar da suka cika shekara 60. Ba haka abin yake ba. Abin da aka cire wa mai aiki yau, da shi ake biyan tsohon da ya ajiye aiki, shi kuma mai aikin zai jira zubin na bayansa. Kamar adashe ne mai doguwar kwasa, kuma ka san abin da ke kashe adashe: ranar da uwar adashe ta fara ranta wa kanta.

Rarar da ta rage bayan an sallami tsofaffi ita ce ajiyar asusu, ita ce kuma ke jan ido duk ranar da baitulmali ya bushe. Mu da muka yi aiki a shekarun 1990 ba sai an ba mu labari ba. A Janairun 1994 aka karya darajar sefa da rabi, albashi ya riƙa taruwa wata da watanni ba a biya ba. Kai ma a lokacin kana riƙe da alli, ka san yadda malamai suka riƙa cin bashin gero a kan albashin da ba su san ranar zuwansa ba. A irin wannan matsi gwamnatoci da dama a yankinmu suka daina zuba kasonsu a asusun fansho, wasu ma suka ranci ajiyar. Ciwon ya riga ya bayyana tun kafin karya darajar, shi ya sa ƙasashe masu amfani da sefa suka kafa hukumar CIPRES a 1993 domin ta riƙa sa ido a kan irin waɗannan asusu.

Ina matashi na yi aiki ƙarƙashin wani dattijo mai riƙe da mabuɗin asusu a wani ofishi. Idan waya ta zo daga sama aka ce a fitar da kaza, za a mayar ƙarshen wata, ba ya musu. Sai ya gyara zaman tabarau ya ce, "To, madalla. A rubuto, a sa hannu, a buga hatimi." Yawanci takardar ba ta zuwa, domin mai umarnin ba ya son sunansa ya hau takarda. Daga baya an ɗauke shi daga kujerar an kai shi wani lungu. Amma da masu bincike suka zo, littafin shekarunsa bai nuna giɓin ko dala ba. Irinsa nake so a nemo, sai dai a wannan karon a ba shi wa'adin da doka ta kare, yadda ba za a tsige shi da waya ɗaya ba.

Kada ka ɗauka tsoro ne na tsoho. A Ghana, da bashi ya yi wa gwamnati katutu a ƙarshen 2022, ta nemi a sauya sharuɗan takardun bashinta na cikin gida, kuma kuɗin fansho da yawa a cikin waɗannan takardu suke kwance. Sai da ƙungiyoyin ƙwadago suka yi barazanar yajin aiki kafin aka cire asusun fansho daga shirin na farko. Tsofaffin da suka sayi takardun da kuɗinsu na ritaya kuwa zaman dirshan suka yi a ƙofar ma'aikatar kuɗi a Fabrairun 2023, har da tsohuwar alƙaliyar alƙalan ƙasar, Sophia Akuffo. A Najeriya, mutumin da aka ɗora a kan kwamitin tsabtace fansho, Abdulrasheed Maina, shi kansa kotu ta ɗaure shekara 8 a 2021 kan badaƙalar kuɗin da suka kai kimanin naira biliyan 2. Shi ya sa nake cewa ministan kuɗi daban, mai tsaron asusun fansho daban. Minista hankalinsa na kan albashin ƙarshen watan nan. Mai tsaron asusu dole hankalinsa ya kasance kan yaron da ya fara aiki bana, wanda ba zai zo karɓa ba sai bayan shekara 30. Idan hannu ɗaya ya riƙe duka biyun, ƙarshen wata ne zai yi nasara kullum.

Yanzu ga mutanen majalisarku. Wanda ya ce a ɗauko ƙwararre daga Bankin Duniya yana da gaskiya rabi. Ba a gyara fansho da ka. Sai an zaunar da masana lissafi sun auna masu zubi nawa ne, masu karɓa nawa ne, shekara nawa tsoho ke yi yana karɓa, a wace shekara shiga zai gaza fita. Wanda bai iya karanta irin wannan rahoto ba, za a juya shi yadda aka so. Matsalar ƙwararre ita ce yakan zo da tsari a jaka. Chile ta koma tsarin kowa da asusunsa a 1981, Najeriya ta bi sahu da dokar 2004, kuma tsarin ya yi wa masu albashi amfani. Amma mu nan mutum nawa ne ke da takardar albashi? Manomin Mirya da mai jima da mai tallan ruwa a baro ba sa cikin wannan lissafi. A ɓangaren haraji kuwa mun ga abin da lissafin ofis ke haifarwa. A farkon 2005 dokar kasafin kuɗi ta ɗora harajin TVA, wanda mai saye ke biya a cikin farashin kaya, na kashi 19 a kan fulawa da madara da sukari da ruwa da lantarki. A takarda lissafin ya fita. A watan Maris jama'a suka cika titunan Yamai, aka rufe kasuwanni a manyan garuruwa har da nan, kuma kafin Afrilu ya ƙare gwamnati ta janye harajin daga madara da fulawa, ta sassauta na ruwa da lantarki. Kasafin 2018 ma ya fito da mutane kan titi. Kenya ta maimaita wannan darasi a Yunin 2024, da asarar rayuka, kafin Shugaba Ruto ya janye dokar ƙarin haraji. Saboda haka in za a kawo ƙwararre, a gwada shi da abu ɗaya: ya zauna da shugabannin Kasuwar Dole ta nan Damagaram, da Hausa, ya bayyana musu sabon harajin har su iya maimaita masa. In ya kasa, a bar shi a ɗakin lissafi, yana da amfani a can.

Mai zafin hannu ba zan daɗe a kansa ba. Tsoro yana tara kuɗi na ɗan lokaci, amma iyaka na nan kusa da mu ta Magarya da Matamaye. In aka matsa da barazana, kaya za su bar titi su bi daji a kan babur, hukuma ta rasa har ɗan abin da take samu.

Babban ɗan kasuwa ya san kuɗi, ba shakka, kuma ya san ƙofofin da ake bi a kauce wa haraji fiye da kowa. Sai dai babban ɓangaren gyaran haraji shi ne rage takardun yafiya da ake ba manyan masu shigo da kaya, kuma waɗannan abokan cinikinsa ne, surukansa ne, wani lokaci kamfaninsa ne. Nauyi ne babba ka sa mutum ya yanke hukunci a kan aljihunsa. In har shi za a ba, ya fara cire hannu daga harkokinsa, ya bayyana dukiyarsa a rubuce ranar shiga da ranar fita. Kundin tsarin mulkin 2010 ya tanadi wannan bayani ga ministoci, kuma abu ne da bai kamata a bari ya ɓace ba ko wane tsari ake ciki.

Sai maganar ƙanenka, kuma ina jin zafin da ya sa ya faɗe ta. Garin nan shi ne babban birnin ƙasa har 1926, kuma har yau akwai unguwannin da ake kwana layin ruwa idan bazara ta yi. Amma ka tuna masa ba mu taɓa rasa namu a sama ba. Mahamane Ousmane, masanin tattalin arziki da ƙididdiga, ya shugabanci ƙasa daga 1993 zuwa 1996. Boukary Adji na Tanut ya riƙe ma'aikatar kuɗi a zamanin Shugaba Seyni Kountché, ya zama firayim minista a 1996. Ali Mahamane Lamine Zeine, haifaffen garin nan, ya riƙe kuɗi daga 2003 zuwa 2010, aka kuma naɗa shi firayim minista a Agustan 2023. Harajin 2005 da na ambata a zamaninsa ya zo, kuma ya sauka a Dole yadda ya sauka a kasuwar Dosso. Ba aibata kowa nake ba. Kujerar ta ƙasa ce, dokar da ta fito daga cikinta ba ta tambayar garin mutum.

Da ni za a tambaya, zan ce a duba inda mutum ya riƙe a baya. An buga lissafin wurin duk shekara, ko sai da aka tilasta? Kotun da ke binciken kuɗin gwamnati ta taɓa kama shi da giɓi? Ya taɓa ƙin sa hannu a wata takarda, ya ɗauki abin da ya biyo baya? Sa'an nan kada a bar shi shi kaɗai. Wakilan ƙungiyoyin ƙwadago irin su USTN da CDTN, da na masu ɗaukar aiki, da na ku tsofaffi, su zauna a kwamitin gudanarwa da ikon ganin kowace takarda. Ku a ƙungiyarku ta masu ritaya wannan kujera ya kamata ku fi nema, har fiye da ƙarin kashi kaza, domin ƙarin da ba a san inda za a samo shi ba alkawari ne kawai.

TAMBAYA: Malam, barka da aiki. Ni atamfa da leshi nake sayarwa a Kasuwar Dole, daga Kano nake saro kaya. Ina biyan duwan, ina biyan tikitin kasuwa, ina biyan na shekara. Duk lokacin da na ji an ce gyaran haraji gabana faɗuwa yake, don na san mu da ke da rumfa a fili mu za a ƙara wa. Akwai shugaban da zai zo ya gyara ba tare da ya ƙara mana ba?
Hajiya Rabi, Sabon Gari

AMSA: Hajiya, barka kadai, Allah ya ba da kasuwa. Faɗuwar gabanki tana da dalili. Mai karɓar haraji yakan fara da wanda ya fi sauƙin samu, kuma rumfa ba ta gudu.

Amma gaskiyar ita ce ƙasar nan ba ta tara abin da ya ishe ta. Ma'aunin da UEMOA, ƙungiyar ƙasashen Afirka ta Yamma masu amfani da sefa, ta sa wa ƙasashenta shi ne haraji ya kai kashi 20 cikin ɗari na arzikin da ƙasa ke samarwa a shekara. Mu muna wajen kashi 10, rabi ke nan. Da wannan ake biyan malamai da likitoci da sojoji, ga yara sun yi yawa, kusan rabin ƴan ƙasa ba su kai shekara 15 ba. Duk wanda ya hau kujerar kuɗi sai ya nemi ƙari. Wanda ya ce miki ba zai nema ba bai faɗa miki gaskiya ba. Abin dubawa shi ne ƙofar da zai fara ƙwanƙwasawa.

Wanda ya san aikinsa daga sama yake farawa. Zai buga jerin waɗanda aka yafe wa haraji da adadin da aka yafe, kowa ya gani, ya soke wanda ba shi da dalili. Zai bi manyan gidajen haya da filayen da aka saya aka ajiye. Zai tsaya a kan manyan motocin da ke shigowa da takardar wucewa zuwa wata ƙasa su sauke a cikin gida. Sai ya gama da waɗannan zai iso layin ƴan atamfa, kuma in ya iso, abin da ya kamata ya kawo miki shi ne sauƙi: a haɗa ƙananan kuɗaɗen nan su zama biya ɗaya ko biyu, adadin a rubuce a allo a bakin kasuwa, a iya biya ta waya, a ba da rasit mai lamba. Na sha zama da ƴan kasuwa a kan wannan, kuma abin da suka fi kuka da shi shi ne rashin sanin nawa ne, da yawan masu zuwa karɓa, da cinikin da ake yi a bakin rumfa. Kuɗin da aka daidaita a bakin rumfa ba rasit ba ya isa baitulmali, ke kin biya, ƙasa ba ta samu ba.

Ki lura kuma da ko yana sauraro. A Najeriya kwamitin gyaran haraji na Taiwo Oyedele ya fara aiki a 2023, gwamnonin Arewa suka ƙi amincewa da yadda aka tsara rabon harajin kayan masarufi a Oktoban 2024, aka koma teburi aka yi ta ja-in-ja har aka sauya wasu sassa, sa'an nan aka sa hannu a dokokin a Yunin 2025. An ɓata watanni, amma ba a rufe kasuwa ba.

Akwai wani abu da nake tsoro, kuma a gefenmu yake. Matatar mai ta SORAZ ta fara aiki a 2011 da ƙarfin tace ganga 20,000 a rana, yanzu kuma ga bututun da ya tashi daga Agadem zuwa gaɓar teku a Benin, kusan kilomita 2,000. Kuɗin fetur yana sa shugaba ya ga kamar ba sai ya sha wahalar gyaran haraji ba. An taɓa yin haka. Da uranium ya yi daraja a ƙarshen shekarun 1970, Kountché ya soke harajin kai, talakawa suka numfasa, kuma abin alheri ne. Amma ba a gina wata hanyar shiga mai ƙarfi a madadinsa ba, farashi ya faɗi a farkon shekarun 1980, zuwa 1983 muna ƙofar Asusun Lamuni na Duniya. Wanda za a ɗora yanzu ya zama mai tuna wannan, ya yi gyaran tun kuɗin fetur na shigowa, lokacin da zai iya sassauta wa irinku yana ɗaure na sama.

Ke kuma a naki ɓangaren, ko tikitin dala 20 ne, ki karɓi rasit ki adana a wuri ɗaya. Ranar da ƙungiyarku za ta zauna da hukuma, rasit ɗin shekara guda na mata goma ya fi dogon jawabi ƙarfi.

TAMBAYA: Baba, ni kabu-kabu nake yi a Zango, shekarata 26. Duk wannan magana ta fansho ta masu albashi ce. Mu ina ruwanmu da wanda aka naɗa?
Sani, Zango

AMSA: Ɗana, da ruwanka. Duk cajin waya da ka saya, duk tayar babur da ka sauya, akwai haraji a ciki, kuma idan asusun fanshon ma'aikatan gwamnati ya gaza, daga baitulmali ake cike giɓin. Kana zubi ke nan a tsarin da ba ya biyanka. Ga shi babur aikin ƙuruciya ne, baya da gwiwa ba za su kai ka shekara 60 a kansa ba.

Wasu ƙasashe sun fara buɗe wa irinku ƙofa. Ruwanda ta kafa asusun ajiyar tsufa mai suna Ejo Heza a 2018, mutum na zuba abin da ya samu ta waya, gwamnati na ɗora wa marasa ƙarfi wani abu a kai. Najeriya ta fito da ƙaramin fansho na masu sana'ar hannu a 2019, kodayake shigarsa na tafiyar hawainiya, domin wanda ya ji labarin kuɗin tsofaffi sun salwanta ba zai miƙa nasa da sauri ba. A nan ne zaɓen shugaba ya shafe ka kai tsaye. Sai asusun da ake da shi ya yi shekaru yana biya a kan lokaci, yana buga lissafinsa, kafin ɗan kabu-kabu ya yarda ya zuba dala 40 a rana.

Kafin nan, ku ƴan tasha kuna da ƙungiya kuna da kuɗin mako. Ku ware wani kaso na tsufa da jinya, ku buɗe masa asusu a banki ko gidan ajiya mai rajista, da sa hannun mutum uku, a karanta lissafi gaban kowa duk wata. In kuma wata rana ka samu aiki a kamfani ko wajen wani Alhaji mai biyan albashi, tun watan farko ka tambayi lambarka ta CNSS, ka je ofishinsu da kanka ka tabbatar ana zuba maka. Sai an yi wata 180 ana zubi, shekara 15 ke nan, kafin mutum ya cancanci cikakken fansho, kuma watan da maigida bai zuba ba, ba ya shiga lissafi.